A Ba Su Filin Wasa, A Ajiye Hular Lantarki



Akwai wata kasuwa da ta daɗe tana ci a Amurka da Turai da ƙasar Sin, jarinta kuwa fargabar iyaye. Abin da ake kasawa a cikinta shi ne alkawarin cewa yaron da ya kasa natsuwa a aji, in aka ɗaura masa wayoyi a ka, aka zaunar da shi gaban kwamfuta, ko aka koya masa wasu motsin jiki na musamman da kamfani ya yi wa rajista, to ƙwaƙwalwarsa za ta saitu, karatu ya zauna. Duk hajar da ta yi kwantai a can, ko ba jima ko ba daɗe sai an yi mata sabon kwali an nufo mu da ita, domin an san akwai ofisoshin da ba su da abin so kamar kwangilar sayen na'ura. Shi ya sa ya kamata mu san zancen tun yana nesa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Matsayin wannan rubutu a fili yake. Motsa jiki yana taimaka wa yaro mai ƙarancin natsuwa, ba ya cin ko kwabo, amma shi ne kullum ake ƙwace wa yaranmu. Hular lantarki kuwa an gwada ta, an sake gwadawa, ta kasa tabbatar da abin da ake tallata ta da shi. Duk wanda zai ɗauki kuɗin ilimi ya zuba a kanta, alhali yara ɗari suna cunkushe a aji guda, ya zalunci yaran, ya kuma raina malaminsu.

Larurar gaskiya ce

Kafin a shiga batun na'ura, a fara yarda cewa yaran suna nan. Kowane malamin firamare ya san su. Akwai wanda ba ya iya minti biyar a kan benci sai ya miƙe, ya taɓa wannan, ya tsokani wancan, ya amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba. Akwai kuma wadda ba ta damun kowa, tana zaune shiru idonta a kan allo, amma hankalinta ya yi nisan kiwo. A yi bayani sau uku, a tambaye ta, ta yi zuru. Na farko mun sa masa suna mai ƙiriniya ko mai rawar kai, ta biyu kuma daƙiƙiya. Likitoci suna kiran abin larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, suna taƙaita sunanta na Turanci da haruffan ADHD. Wani babban nazari da aka wallafa a 2007, wanda ya haɗa binciken da aka yi a sassan duniya, ya ƙiyasta cewa kimanin yara 5 cikin kowane 100 suna da ita. Gado yana da hannu sosai a cikinta. Rashin tarbiyya ba shi ne tushenta ba, bulala kuwa ba ta taɓa warkar da ita ba.

Sai dai ba duk yaron da ya kasa natsuwa ne yake da wannan larura ba, a nan ƙasar musamman. Yaron da ya fito gida bai karya ba, hankalinsa yana wurin mai ƙosai. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, su ne kuma suke shigo mana aji ɗaya. Akwai wanda kunnensa ke ruwa ba ya jin malam daga baya, da wanda ba ya hango allo, da wanda ya kwana talla ko aikin gida, da mai wata irin farfaɗiya da ke ɗauke hankali na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da faɗuwa ba. Gubar dalma, wadda ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, tana lalata natsuwar waɗanda suka rayu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da wayoyi a ka za su yi wa magani.

Yadda hular take aiki

Ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana fitar da wani ɗan lantarki mai rauni ƙwarai, wanda ake iya aunawa daga fatar kai. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara auna shi a jikin mutum a 1924, har yau kuma asibitoci suna amfani da wannan awo wajen gano farfaɗiya. Lantarkin yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, wani a hankali, wani da sauri. Mai tafiya a hankali, kamar kaɗawa 4 zuwa 8 a daƙiƙa, ya fi yawa lokacin gyangyaɗi da tafiyar tunani. Mai sauri kuwa, daga kaɗawa 13 zuwa sama, an fi danganta shi da mai da hankali.

Daga nan dabarar ta samo asali. Ana manna wa yaro 'yan wayoyi a ka, a haɗa su da kwamfuta, a sa masa wasa ko fim. Duk sa'ad da igiyar mai sauri ta rinjayi mai nawa, sai wasan ya ci gaba, ya samu maki. In ta koma, hoton ya dushe ko ya tsaya. Fatan shi ne bayan zama 30 ko 40 ƙwaƙwalwar ta koyi riƙe kanta. Wani masani a Jami'ar Tenesi ta Amurka, Joel Lubar, da abokiyar aikinsa suka fara ba da rahoton gwada wannan a kan yaro mai yawan motsi a 1976, yaro guda ɗaya tak. Tunanin yana da daɗin ji, babu kuma laifi a gwada shi. Laifin yana wurin wanda ya ci gaba da sayarwa bayan gwaji ya ba da amsa.

Hatta ginshiƙin da aka ɗora abin a kai ya girgiza. A 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura mai auna rinjayen igiyoyin nan biyu, domin ta taimaka wa likita wajen gano larurar. Shekara uku bayan haka, a 2016, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ta ƙasar ta gargaɗi mambobinta kada su dogara da wannan awo wajen tabbatar da larurar, saboda haɗarin a laƙaba wa yaro abin da ba shi da shi.

Abin da gwaji ya nuna

Uba ya biya kuɗi masu yawa, uwa ta yi ta jigilar yaro zuwa wurin horo wata da watanni. In ka tambaye su ko an samu sauƙi, me kake zaton za su ce? Ba ƙarya za su yi ba, zuciya ce take ganin abin da take fata. Shi ya sa masu bincike suka koma tambayar waɗanda ba su san wane yaro aka yi wa horo ba, wane kuma ba a yi wa ba. Sau da yawa waɗannan mutane malaman ajin yaran ne.

A 2016 ayarin masana na Turai, ƙarƙashin Samuele Cortese, suka tattara gwaje-gwaje 13 da suka shafi yara 520. Da aka duba rahoton waɗanda suka san an yi horon, sai aka ga kamar an samu ci gaba. Da aka duba na waɗanda aka ɓoye musu, sai ci gaban ya zama bai kai abin dogaro ba. A kula da wannan da kyau: idon malami a cikin aji shi ne ma'aunin da ya tona asirin na'urar da ake cewa ta fi shi gani.

Masu sayarwa suka ce gwaje-gwajen ne ba a yi su bisa ƙa'ida ba. Sai aka shirya wani da cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa, aka sa masu goyon bayan dabarar da masu shakkarta a cikin ayari guda, domin kada wani ya ce an yi masa maguɗi. An ɗauki yara 144 'yan shekara 7 zuwa 10 a jihohin Ohayo da Karolina ta Arewa, aka tsara wa kowa zama 38. Wasu aka yi musu horon gaske. Sauran aka manna musu wayoyi iri ɗaya, suka zauna gaban kwamfuta iri ɗaya, amma abin da ke motsa wasan nasu lantarkin ƙwaƙwalwar wani ne da aka naɗa tun da farko. Yaran ba su san rukuninsu ba, iyaye ba su sani ba, masu horon ma ba su sani ba. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna rukunin biyu duk sun samu sauƙi sosai, kuma babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu a kan babban abin da aka auna, wato natsuwa. Don a yi adalci, bayan shekara guda an ga 'yan horon gaske sun ɗan fi ƙarancin buƙatar magani, abin da ya cancanci a ci gaba da bincike a kansa. A ƙarshen 2024 kuma aka sake tattara gwaje-gwaje 38 masu mutum 2,472, amsar ba ta sauya ba: in an ɓoye wa mai awo, amfanin ya ɓace, ko ya rage ɗan ƙanƙani.

To, me ya sa yaran da aka ba na'urar bogi suka samu sauƙi? Wani ɓangare fata ne, wani kuma girma ne da wucewar lokaci. Amma a duba abin da aka yi musu. Sau 38 wani babba ya zauna da yaro shi kaɗai, ya ba shi aiki gwargwadon ƙarfinsa, ya yaba masa nan take in ya yi daidai, ya sa masa lada, aka kuma ba iyayensa shawara a kan barci da abinci. Wannan aiki yana da suna tun kafin a ƙera kwamfuta, sunansa koyarwa. Abin da malamin da ke da ɗalibai ɗari da ashirin ba shi da halin yi ke nan, shi ne kuma ake naɗewa a cikin wayoyi a sayar wa masu kuɗi.

Darasi daga ƙasar Sin

Akwai wata fuskar da ta fi asarar kuɗi muni. A 2019 jaridar Wall Street Journal ta nuna wata makarantar firamare a birnin Jinhua na lardin Zhejiang, inda ɗalibai ke ɗaura wani kambu na kamfanin BrainCo a goshi lokacin darasi. Kambun yana da fitila mai sauya launi gwargwadon abin da na'urar ta ɗauka natsuwa ce, makin kowane yaro yana zuwa kwamfutar malami, kuma kamar yadda rahoton ya nuna har iyaye ana aika wa. Masana da dama suka ce wayoyi uku a kan yaron da ke motsi, yana ƙifta ido, yana yamutsa goshi, ba za su ba da awon da za a dogara da shi ba. Jama'ar ƙasar suka yi caa, kafin shekarar ta ƙare hukumar ilimi ta yankin ta dakatar da abin.

Mu ɗauka an kawo irin wannan ajinmu. Yaron da a da ake kira mai rawar kai, yanzu fitila ce a goshinsa take shelanta shi gaban tsaransa, a koma gida kuma a nuna wa uba maki a waya, ya ɗauko dorina. Sa'an nan wa ya ce makin zai tsaya a kan yaro? Ranar da aka tara na aji duka, aka jera shi kusa da na ajin maƙwabci, an samu sabon ma'aunin auna malami, wanda ba ya tambayar ko ɗalibai nawa ne a ajin, ko akwai rufi, ko sun ci abinci. Mu da muka ga yadda jarrabawa guda ta raba malamai 21,780 da aikinsu a Kaduna a 2017, ba ma buƙatar a koya mana yadda alƙaluma ke zama wuƙa a hannun mai iko.

Bayanan kuma ina za su? Ƙasar Cile ta gyara tsarin mulkinta a 2021 domin kare bayanan ƙwaƙwalwar 'yan ƙasa, jihar Kolorado ta Amurka ta yi doka makamanciyar wannan a 2024. A nan gida dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, ta kuma wajabta neman yardar iyaye kafin a taɓa na yara. Babu hedimasta ko sakataren ilimi da yake da ikon sa hannu a madadin uwar yaro a kan abin da ke cikin kan ɗanta.

Motsi na kasuwa da motsi na kyauta

Da 'yan kasuwa suka lura cewa motsa jiki yana da alaƙa da natsuwa, shi ma sai suka sa masa farashi. Shirin Brain Gym, wanda Paul Dennison da matarsa suka kafa a Kalifoniya, ya shiga ɗaruruwan makarantun gwamnati a Birtaniya da jerin motsi 26, har da murza wasu gurabu a ƙasan ƙashin wuya wai don jini ya ƙara kai wa ƙwaƙwalwa. A 2008 ƙungiyoyin masana kimiyya na ƙasar suka rubuta wa hukumomin ilimi cewa bayanan da aka gina shirin a kai ba su da tushe. A shekarar ce kuma shirin Dore ya durƙushe. Wani attajiri ne ya kafa shi, yana karɓar kimanin fam 2,000 a kan kowane yaro domin a koya masa tsayuwa a kan katako mai lilo da cafe 'yar jakar wake, da alkawarin magance matsalar karatu da ta natsuwa. Iyaye da yawa suka wayi gari sun biya, ƙofa kuma a rufe. A 2016 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin da ke da wasannin Lumosity ya biya dala miliyan 2 saboda tallan da ba shi da hujja, wanda ya haɗa da iƙirarin rage illar wannan larura. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Motsin da ba a sayarwa fa? A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2013, an ɗauki yara 40 'yan shekara 8 zuwa 10, rabinsu masu larurar. Wata rana suka yi minti 20 suna tafiya da sauri a kan injin motsa jiki, wata rana kuma suka yi minti 20 a zaune suna karatu. Bayan motsin sun fi iya kame kansu daga amsa cikin gaggawa, sun kuma fi ƙoƙari a gwajin karatu da lissafi. A wani kuma na 2015, yara 202 na ƙananan azuzuwa suka yi mako 12, wasu suna wasan guje-guje na kimanin rabin sa'a kafin a shiga aji, wasu suna zane a zaune. Iyayen masu gudun suka fi ba da rahoton raguwar shagala. A shekarar dai, masu bincike a Jami'ar Tsakiyar Fulorida suka gano cewa yara maza masu larurar sun fi iya riƙe abu a ka lokacin da suke jujjuyawa a kujera, saɓanin sauran yara. Ashe sau da yawa mutsu-mutsun da muke duka a kai, ƙoƙari ne yaron yake yi ya riƙe hankalinsa.

Wani zai ce ai waɗannan ma ƙananan gwaje-gwaje ne, kuma ba a iya ɓoye wa kowa cewa yaro ya yi gudu. Gaskiya ne. Motsa jiki ba ya warkar da larurar, tasirinsa matsakaici ne, kuma sai ana maimaitawa kullum. Amma a auna abin da za a yi asara in bai yi aiki yadda ake fata ba. Wanda ya sayi hula ta gaza, ya rasa kuɗi da lokacin darasi. Wanda ya bar yara suka yi gudu, ko natsuwa ba ta ƙaru ba ya samu lafiyar zuciya da ƙashi da barci mai daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son kowane yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu kimanin minti 60 na motsi mai sa haki a kowace rana. A Finlan an saba ba ɗalibai hutun minti 15 bayan kowane darasi na minti 45. A garin Stirling na Sikotilan, wata shugabar firamare, Elaine Wyllie, ta fara fitar da ɗalibanta gudun minti 15 kullum a 2012, ba kaya na musamman, ba kuɗi, yau dubban makarantu a ƙasashe da dama sun ɗauka. Mu kuwa muna da langa da 'yar gala-gala da tsallen igiya da gaɗa da ƙwallon tsumma, ba mu biya kowa kuɗin lasisinsu ba.

Amma me muke gani? Filin makaranta an yanka shi an yi shaguna, ko an dasa sabon gini a tsakiyarsa. Darasin motsa jiki yana nan a jadawali, amma shi ne na farko da ake cinyewa in jarrabawa ta matso. Mu ma malamai akwai abin gyara a wurinmu, domin hukuncin da aka fi yi wa yaro mai ƙiriniya shi ne a hana shi fita tara, ko a sa shi kamun kunne da tsallen kwaɗo. Na farko ya hana shi maganinsa, na biyu ya mai da motsi azaba. Tun 2013 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce bai kamata a hana yaro hutun wasa da sunan horo ba.

Lissafin ajinmu

A ce ma hular tana aiki. Ajin ɗalibai 100 yana da kamar yara 5 masu larurar. Kowane yana buƙatar zama 38, ke nan zama 190 ga aji ɗaya. In kowane zama rabin sa'a ne, sa'o'i 95 ke nan. A ninka da yawan azuzuwan makaranta, a ninka da makarantun ƙaramar hukuma. Wa zai manna wayoyin? Da wace wuta za a kunna kwamfutar? In ta lalace wa zai gyara? Kowa a cikinmu ya san wani ɗaki da aka jibge kayan da aka ƙaddamar da kaɗe-kaɗe da jawabai, yau ƙura da gizo-gizo ne masu gadinsu. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Gwamnatin da ba ta cika wannan ba, wadda wani lokaci ko kuɗin haɗin gwiwa na hukumar UBEC ba ta iya ajiye nata kason ta karɓo, ba ta da bakin yi mana zancen zamani.

Za a ce malamai suna tsoron fasaha ne, ko suna kare kujerarsu. Ba mu ƙi fasaha ba. A kawo tabarau ga wanda ba ya gani, da na'urar ji ga mai matsalar kunne, da fitilar sola, da littafi ga kowane yaro; duk fasaha ce, kuma an tabbatar da amfaninta. Sharaɗinmu shi ne wanda ake gindaya wa kowane magani: a nuna ya fi na bogi. Za a kuma ce uban da yake da hali ai kuɗinsa ne. Haka ne, amma haƙƙinsa ne a gaya masa abin da gwaji ya nuna kafin ya sayar da gona, kada kuma horon na'ura ya sa a yi jinkirin kai yaro wurin likita. Ga wanda larurarsa ta yi tsanani akwai magungunan da aka daɗe ana bincike a kansu, likitan da ya san aikin shi kaɗai ke rubuta su. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, da asibitocin koyarwa, can ne wurin zuwa.

Akwai kuma dabarun aji da suka ci jarrabawar da hular ta faɗi, kuma a hannunmu suke. A zaunar da yaron gaba, nesa da taga. A gutsura masa aiki kaɗan-kaɗan, umarni ɗaya a lokaci ɗaya. A ba shi aikin da zai miƙe, kamar goge allo da raba littattafai. A yaba masa nan take in ya yi daidai. A yi masa ɗan kati na kullum mai buri biyu ko uku, malami ya sa hannu, iyaye su gani da yamma. Akwai ma wasan ladabi na rukuni-rukuni, inda ake raba aji gida biyu su yi gasar kiyaye doka, wanda aka fara bayyanawa a Kansas a 1969, wata malamar aji huɗu na cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi. Duk waɗannan alli da takarda suke ci, sai kuma abu guda da ya fi tsada: lokacin malami.

Abin da ya kamata reshenmu ya nema

Na farko, a mai da lokacin tara da darasin motsa jiki haƙƙin da ba a taɓawa, a kuma yarda malami ya tsayar da darasi minti uku zuwa biyar yara su miƙe su motsa, ba tare da mai duba makarantu ya rubuta shi a matsayin mai wasa da aiki ba.

Na biyu, a kewaye filayen makarantu, a hana yanka su, a dawo da waɗanda aka cinye. Kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyar iyaye da malamai su sa wannan a gaban ajandarsu.

Na uku, a ɗauki malamai har a kusanci ɗalibai 35 a aji, a kuma horar da aƙalla malami ɗaya a kowace makaranta kan gane yara masu buƙata ta musamman. Muna da Kwalejin Ilimi ta Musamman a Oyo, da sassan ilimin musamman a jami'o'in Bayero da Jos. Masu koyarwar suna nan.

Na huɗu, a riƙa duba ido da kunne da jinin kowane yaro a shekararsa ta farko, a kuma tsayar da ciyarwa a makarantu ta zama abin dogaro.

Na biyar, duk na'ura ko shirin da za a shigo da shi aji da sunan gyara ƙwaƙwalwa, a fara ajiye wa wakilan malamai da na iyaye amsar tambayoyi huɗu a rubuce: an gwada shi da na bogi? Su wa suka auna sakamakon, kuma an ɓoye musu? Wa ya biya kuɗin binciken? Ina bayanan yaran za su tafi? Wanda ya kasa amsawa ya kwashe kayansa.

Ku kuma iyaye, in malami ya kira ku a kan ɗanku ba ya zama wuri ɗaya, kada ku tafi da bulala, kada kuma ku ruga wurin mai talla. Ku duba barcinsa da karin kumallonsa, ku bar shi ya yi wasa da yamma har ya gaji, ku zauna da malaminsa ku tsara abin da za a riƙa bibiya, in abin ya ci tura ku nemi likita. A taron reshe mai zuwa a kawo waɗannan buƙatu biyar a matsayin ƙudiri, a kaɗa musu ƙuri'a, a miƙa su ga sakataren ilimi da hukumar SUBEB da sa hannunmu.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke amanar da aka ɗora mana.